Fim Ya Ƙare, Suna Ya Ƙi Ƙarewa

Ranar Talata 9 ga Afrilu, 2024, jajibirin ƙaramar sallah, ina gida Bagudo hutu. Tsakar gida ta kacame, masu kitso na yi, masu suyar cincin na yi da bakin azumi, sai ƙanwata ta fito daga ɗaki da waya a hannu tana salati. Wai Daso ta rasu. Ta yi sahur a gidanta a Kano, ta koma ta kwanta, shi ke nan ba ta farka ba.

Kakata na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta ce wace ce Daso? Aka miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da fuskarta irin yadda tsofaffi ke yi, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Allah shi jiƙanta, shi gahwarta mata. Amma dai wagga mata ta wahal da ɗiyan mutane."

Na ce, "Haba Kaka, ai wasa ne. Sunanta ma Saratu Giɗaɗo, kuma ga abokan aikinta nan suna ta faɗin kirkinta da barkwancinta."

Ta ce, "Kai dai ɗan boko, komi wasa na gare ka. Wanda bai san mugunta ba, ƙaƙa za shi gwada ta hakanga?"

Aka yi dariya aka wuce wurin. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai. Domin kakata ba ta jahilci fim ba. Ta san akwai kyamara, ta san wanda aka kashe a wannan fim gobe zai fito a wani yana neman aure. Amma duk da wannan sani, akwai wani lungu a zuciyarta da ta ajiye wa Saratu tuhuma, saboda shekara ashirin da 'yan kai tana ganinta a matsayin uwar miji mai masifa, ko kishiyar uwa mai gallaza wa marainiya, ko uwar da ke kashe auren 'yarta saboda kuɗi. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu matasa masu manyan wayoyi ba mu fi ta da komai ba. Mu ma muna da irin wannan lungun. Ita dai ta faɗa da baki ne.

Kafin a yi wa tsohuwa dariya, a fara sanin yadda fim ke isowa garinmu. Daga Bagudo zuwa Kano tafiyar yini ce cur. Bakano yana iya cin karo da jarumi a gidan mai, ko a sahun Juma'a, ko a titin gidan Zoo inda 'yan fim suka yi sansani, ya gan shi yana cinikin lemo ko yana musu da ɗan adaidaita a kan canji, ya gane ashe mutum ne kamar kowa. Mu ba mu da wannan gatan, fuskar kawai ke zuwa mana. Da can a kaset da faifan CD take zuwa, yanzu kuwa ta hannun masu tura fina-finai, samarin nan da ke zaune da kwamfuta a rumfar cajin waya, ka ba su memori da 'yan canji su cika maka shi taf. Abin da mai turi ya rubuta shi ne sunan fim, kuma ba ya wahalar da kansa: sabon Bosho, Daso masifa na biyu. Jerin sunayen da ke hawa a ƙarshen fim kuwa, wa ke jiran sa? Ana ganin "Alhamdulillah" an danna na gaba.

Daga nan memorin ya hau mashin. Ya bi ta Tsamiya ya faɗa Segbana a Jamhuriyar Benin, ko ya miƙe Illo da Lolo ya tsallaka Madekali har kasuwar Malanbil. Ko a 2019 da gwamnati ta rufe iyakoki, shinkafa ce ta sha wuyar tsallakowa, Ibro bai taɓa kwana a shinge ba. A can da yawan masu kallon Dendawa ne da Fulani da Busawa. Hausa harshen kasuwa ce a wurinsu, wanda ya yi boko kuma Faransanci ya karanta. Ba sa bin jaridun Najeriya, ba sa bin hirarrakin jarumai. Abin da suka riƙe shi ne fuska da sunan da aka kira ta da shi a cikin wasa. Na taɓa zama a teburin wani mai shayi a Lolo, wani direba ɗan tsallake yana ba ni labarin Kamaye da Adama na shirin Daɗin Kowa kamar maƙwabtansa ne, har yana jin haushin rigimarsu da ba ta ƙarewa. Da na ce masa ai Kamaye marubucin littattafai ne, Ɗan'azumi Baba sunansa, sai ya dube ni kamar na ɓata masa shayi.

Abin ba yau ya fara ba, ya girmi Kannywood kanta. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, kuma soja ne na gaske da ya yi aiki ya yi ritaya. Amma tun da ya fara wasan Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna, da Hausarsa ta barikin soja, sunan yanka ya koma na takardar fansho. Da ya rasu a Nuwamban 2023, abin da ya zaga gari shi ne "Samanja ya rasu". Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, shi kejinsa biyu ne: Hausawa suna ce masa Karambana, masu kallon Turanci suna ce masa Uncle Gaga saboda shirin Cock Crow at Dawn. Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, littafin da ɗalibai suka yi ta karantawa don jarrabawa, amma a titi Kasagi ne. Mu nan yankin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi a 1991, Golobo ne gwanin iyayenmu. Har yau babana na kwaikwayon maganarsa in yana cikin nishaɗi. Ranar da na tambaye shi sunan mutumin na gaskiya, sai da ya yi shiru ya sosa ƙeya. Shehu Jibril ne, na gaya masa, ya ce to, Golobo dai.

Amma babu wanda suna ya haɗiye kamar Rabilu Musa Ɗanlasan. Mutumin nan ma'aikacin gidan yari ne kafin ya koma wasa gaba ɗaya. Ya ƙirƙiri Ibro, Ibro ya girma ya fi shi. Abin ya kai ba a ma buƙatar labari, sunan kawai ake liƙawa a gaban duk abin da ake yayi: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Aloko. A kan wannan na ƙarshen ne ma kotun tafi-da-gidanka mai kula da harkar tace fina-finai a Kano ta ɗaure shi wata biyu a 2008, tsohon gandiroba ya koma ciki a matsayin fursuna. Ya rasu a Disambar 2014 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kuma har yau, fiye da shekara goma, fina-finansa na cikin abin da aka fi nema a rumfar masu turi ta unguwarmu.

Ni ina cikin masu ganin mun yi asarar wani abu a wurin mutumin nan. Duk wanda ya kalli Ibro da idon basira ya san ba wauta ce kawai a wurin ba. Dubi yadda yake sauya fuska cikin ƙiftawar ido, daga fankama zuwa tsoro, yadda ya san daidai lokacin da zai yi shiru. Mai wannan baiwar zai iya sa mutane kuka. To amma wa zai bari? A ce an sa shi uban da 'yarsa ta rasu a asibiti, yana fitowa kafin ya buɗe baki ɗakin kallo ya ɗauki dariya. Furodusa ya san haka, ɗan kasuwar da zai sayi fim ɗin ya san haka, shi kansa ya san haka. Mu masu kallo muka gina masa gidan, muka ƙawata shi, muka kulle ƙofa ta waje.

Ga mata kuwa abin ya fi nauyi, kuma an fi yin sa da gangan. Al'adar masana'antar ce a liƙa wa jaruma sunan fim ɗin da ya fito da ita. Rukayya Dawayya, Sadiya Gyale, Jamila Nagudu, Hauwa Waraka, Fati Shu'uma, har zuwa Aisha Najamu Izzar So. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta rayu ta rasu a matsayin Biba Problem. Wani sunan da daɗin ji, wani kuwa sai ka tsaya. Hafsat Idris ta yi fim mai suna Ɓarauniya, yau kusan shekara goma ana kiranta Hafsat Ɓarauniya, a jarida, a rediyo, a bakin yara. A cikin al'ummar da in za a yi aure ake aika mutane unguwa su yi bincike, su tambayi me ake cewa da ita, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Namiji in ya fito ɗan daba, kamar yadda Shu'aibu Lawan Kumurci ya daɗe yana fitowa, samari su ɗauke shi gwarzo, su riƙa kwaikwayon tafiyarsa. Mace in ta fito karuwa sau uku, sai a fara cewa ai ba banza ba ta iya.

Na san abin da wani zai ce, domin abokina na ɗaki a makaranta ya riga ya faɗa mini. Ya ce Bahaushe dama da laƙabi yake kiran mutum. Wane mai shayi, wane mai goro, wane direba. Wanda ya sayar da kifi shekara biyu ya bari, har ya mutu mai kifi ne. Kuma laƙabin nan shi ne jarin ɗan wasa, shi ke sa a gayyace shi biki, shi ke kawo talla, shi ke sa ɗan siyasa ya neme shi lokacin kamfe. Wa ya san Sulaiman Yahaya? Amma ka ce Bosho ka gani. Na yarda da rabin maganarsa. Inda muka rabu shi ne, mai shayi shayin yake sayarwa da gaske. Laƙabinsa gaskiya ne game da shi. Laƙabin ɗan wasa kuwa ƙarya ce da ya iya yi da kyau, muka mayar masa da ita shaida.

Me ya sa ba sa ƙin karɓar rol iri ɗaya? Wannan tambayar mai ƙoshi ce. Fim ɗin Hausa da yawa cikin 'yan kwanaki ake ɗaukar sa, da kuɗi ƙalilan. Darakta ba shi da lokacin gwada sabuwar fuska ko sabon salo. Yana buƙatar muguwar uwar miji gobe da safe, ya san lambar wadda za ta zo ta yi ba tare da dogon bayani ba. Ita kuma tana da haya da kuɗin makaranta. A Fabrairun 2022 Ladin Cima, wadda tsofaffin masu kallo suka sani da Tambaya, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa abin da ake sallamarta da shi a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa biyar ba. Masana'antar ta yi zafi, wasu manya irin su Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, rigimar ta nuna mana yadda ƙananan 'yan wasa da dattawan cikinsu ke rayuwa: daga wannan lokeshin zuwa wancan, abin da aka samu yau shi za a ci yau. Wanda ke wannan hali ba ya cewa darakta, "A'a, na gaji da fitowa boka, ina son in gwada alƙali."

Zuwan fina-finai masu dogon zango ya ƙara ɗaure igiyar. Da fim awa biyu ne, a gama a manta. Yanzu mutum ɗaya yana shigowa ɗakinka duk mako, shekara uku, shekara biyar, da suna ɗaya da hali ɗaya. Lawan Ahmad ya yi shekaru a masana'antar kafin Izzar So, amma yaran gidanmu Umar Hashim suka sani. Sani Mu'azu ya shugabanci ƙungiyar masu shirya fina-finai, ya fito a Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, amma tun da Kwana Casa'in ya fara a Arewa24 ya zama Gwamna Bawa Maikada. Rabi'u Rikadawa ya yi fama da sunan Dila shekara da shekaru, Labarina na Aminu Saira ya zo ya cire masa shi, ya sa masa Baba Ɗan Audu. Wato an fito da shi daga wani ɗaki an kai shi wani. A Labarina ɗin ne kuma muka ga ɗaya fuskar matsalar: da Nafisat Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa a matsayin Sumayya, ƙannena mata sun yi makonni suna cewa "wannan ba Sumayya ba ce". Ba don ba ta iya ba. Sumayyar ce a wurinsu ta riga ta zama mutum mai fuska ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne. Iyayenmu da suka ci zamanin fina-finan Indiya ba su san Amrish Puri ba, Mugambo suka sani, daga fim ɗin Mr. India na 1987, kuma ko ya fito uban yarinya mai mutunci jira suke ya yi mugunta. A can Indiyar, Arun Govil ya fito a matsayin Ram, abin bautar Hindu, a wani shirin talabijin na 1987, mutane suka riƙa durƙusa masa a hanya, kuma a 2024 ya ci zaɓen majalisar ƙasa. Shi kejinsa na zinariya ne. A Kudu kuwa Kanayo O. Kanayo ya koma makaranta ya zama lauya a 2020, amma har gobe ana tsokanarsa da maganar tsafin kuɗi saboda irin fina-finan da ya yi tun daga Living in Bondage na 1992.

A aji an koya mana cewa tun 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin irin zumuncin da mai kallo ke ƙullawa da mutumin cikin akwatin talabijin: kai ka san shi, ka saba da shi, kana jin haushinsa ko kana kewarsa, shi kuwa bai san kana duniya ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Amma ni abin da ya fi fahimtar da ni shi ne tashe. Da azumi ya kai goma, yaron maƙwabta zai liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki, wani ya ɗaura zane ya zama mace. Mu yi dariya mu ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Ba wanda ya taɓa ci gaba da kiran yaron nan tsoho. Dalili kuwa, washegari da safe za ka gan shi a makarantar allo malam na zane shi, ko uwarsa ta aike shi niƙa. Washegarin nan ita ke wanke shi. Ɗan fim ba shi da washegari a wurinmu. Daga wannan wasa sai wani wasan, ba mu taɓa ganin sa da safe ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka kuwa ba Daso ba ce, ba Ibro ba ne. Ɗan ƙanin babana ne.

Sa'ana ne, tare muka tashi. Da damina yana gonar shinkafa, da rani yana albasa, tsakani kuma yana kabu-kabu da mashin. Shi da abokansa huɗu suna ɗan wasan barkwanci da waya suna sakawa a TikTok da Facebook, irin wanda yanzu kowane gari akwai masu yi. Da matsalar tsaro ta fara matsowa yankinmu, suka ce bari su yi na faɗakarwa a kan masu kai wa 'yan bindiga bayanai. Aka rasa wanda zai fito a infoma, kowa na nonnoƙewa, shi ya ce a ba shi. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Ya laɓe bayan rumbu, ya rufe baki da hannu, yana waya ƙasa-ƙasa yana lissafa wanda ya sayar da shanu da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas, idonsa na zazzare. A ƙarshen wasan asirinsa ya tonu, aka kama shi, ya yi nadama, wani ya fito ya yi nasiha. Duka bai fi minti takwas ba.

A gari abin ya karɓu. Aka fara ce masa Infoma, a majalisa, a tasha, har ƙawayen uwarsa. Da farko daɗi yake ji, mai shayi ma ya sha ƙara masa madara kyauta. Mu mun san shi, muna ganin sa da safe yana ɗaura buhu a mashin, saboda haka sunan bai wuce wasa ba. Abin da ba mu sani ba shi ne wani ya yanko daƙiƙa arba'in daga tsakiya, wurin wayar nan kawai, babu farko babu ƙarshe, ya saka a WhatsApp. Guntun ya bi hanyar da memori ke bi, ya shiga ƙauyukan da ba a san shi ba, ba a san ubansa ba.

Wata ranar da yamma ya kai fasinja wani ƙauye can kusa da boda. A hanyar dawowa, duhu ya fara, samarin da ke sintiri a bakin wani gari suka tare shi. Aka haska masa tocila a fuska. Ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, ya zaro waya. Suka kalli guntun, suka kalle shi. Aka ce ya sauka ya zauna a ƙasa.

Ya ce wasa ne. Suka ce kowa ma haka yake cewa. Ya ce a bari ya nuna cikakken bidiyon, sai ga shi ya goge shi daga wayarsa saboda wuri ya cika. Ya kira abokinsa ya turo, amma duk wanda ya san yankin nan ya san halin sabis, waya na tsalle tsakanin layin Najeriya da na Benin, abu na minti takwas ya zama aikin awa biyu. Awa biyun nan yana zaune a ƙasa, mutane na ƙaruwa, kowa da abin da ke hannunsa. Ya sha mari ɗaya. Allah ya sa akwai wani dattijo a garin da ya taɓa cinikin albasa da babansa, shi ya tsaya ya ce ba mai ƙara taɓa yaron nan sai abin da ake jira ya sauka. Da ya sauka aka kalla tare, har wurin nasihar. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Aka ba shi haƙuri, aka raka shi har bakin hanya.

Ban iya zagin samarin nan ba, ko da yake na so. Mutanen da ke kwana ido biyu saboda tsoro, aka nuna musu fuska tana lissafa dukiyar maƙwabta, me ake so su yi tunani? Wanda nake jin haushi shi ne mai almakashin da ya yanko guntun, da mu da muka yi ta tura irin waɗannan guntaye ba mu tambayi daga ina suka fito ba. Ni kaina na sha yi.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Akwai yarinyar da yake nema, an kai gaisuwa, ana jiran a sa rana. Mahaifinta ya aiko a dakata. Baffanmu ya je da kansa ya yi bayani, har ya ce a kawo waya a nuna masa. Dattijon ya ce ba sai an nuna ba, shi ma ya kalla, ya san wasa ne, ya san yaron, ya san gidansu. "Amma Alhaji, ka san halin mutane. Ba ni son a wayi gari ana ce ma jikokina ɗiyan Infoma." Har yanzu da nake wannan rubutu maganar na nan a rataye, ba a fasa ba, ba a sa rana ba.

Ya yi ƙoƙarin wanke kansa ta hanyar da ya sani. Ya ce wa abokansa a wasa na gaba shi zai fito malamin makaranta. Aka samo masa farar riga da tabarau, ya tsaya gaban allo. Sau biyar ana sake ɗauka saboda mai riƙe da wayar na fashewa da dariya. Da aka saki wasan, abin da yaran unguwa suka ce shi ne, "Infoma ya tuba."

Hutun da ya wuce na raka shi tasha. Muna tsaye sai ga wani ɗan kasuwa daga tsallake, da Hausarsa mai gardin Dendi, ya hango shi ya washe baki. "Kai! Infoma! Zo mu yi hoto." Na zaci zai ɓata rai. Sai na ga ya gyara hula, ya rufe baki da hannu, ya zazzare ido kamar yadda ya yi a bayan rumbu. Aka ɗauka, mutumin ya yi ta dariya, sannan ya ce a kai shi Lolo da kayansa.

Yana ɗaure kayan na ce masa, "Kai da ka ce ka gaji da sunan nan?"

Bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "To mi zan yi? Fasinja na."